Inda Hannunta Bai Kai Ba

Sallama gare ku, masu bibiyata na kusa da na nesa. Ni ne dai Lazim, tsohon nan mai goge motoci a bakin hanyar garin Pendang, daidai inda gonakin shinkafa suka fara. Na yi shiru kwana biyu, don maganar da ke cikina ta fi ƙarfin bakina. Ku yi haƙuri in fara daga fenti, ta nan kawai na san hanyar shiga kowace magana.

In kun taɓa tsayawa kusa da baƙar mota da tsakar rana, kun ga wasu siraran zobba a jikinta, kamar gizo-gizo ya yi saƙa a kewayen hasken. Mutane suna cewa wai don ana zagaya hannu ne wajen wanki. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Ashe karcen nan miƙaƙƙu ne, kowanne ya nufi inda ya ga dama. Rana ce take zaɓar waɗanda za ta haska, ta jera su zobe-zobe a kewayen kanta. Ka matsa dama zoben ya bi ka, ka matsa hagu ya bi ka. Ranar da na gane haka ban taɓa aiki ba. Yini na yi ina zagaya motar wani bawan Allah, har ya tsallaka titi ya tambayi Seman mai shayi ko kaina ɗaya.

Na biyu kuma, karce ba a cike shi. Abin da muke yi shi ne mu zaftare gefensa har ya yi daidai da zurfinsa. A saman launin mota akwai wani shafi garai-garai kamar ruwa, kaurinsa bai kai fatar albasa ba. Shi injina yake ci, da soso da man goge. Kowace gogewa tana cin kaɗan, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Ku riƙe wannan a ranku.

Wata mata, Cik Som, ta fara zuwa rumfata ne bayan an gama yankan shinkafa, lokacin da gonaki suka koma ruwan ƙasa, balbelu suna bin bayan injin huɗa. Baƙar mota ce ƙirar Proton, tsohuwa, ta shigo a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai. Mai ita ta fito, 'yar gajeriya, sanye da doguwar riga da zani masu launin ganyen ayaba, da farin mayafi da aka maƙale da wani ƙaramin fil mai siffar mazari. Fil ɗin na fara gani, kada ku ce fuskarta.

"Kai ne Pak Lazim?" in ji ta. Pak ake ce wa dattijo a wajenmu.

"Ni ne, in ba bashi aka biyo ba."

Ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa. Ta ce motar mijinta ce, Cikgu Hamdan, wato Malam Hamdan, wanda ya koyar a firamaren ƙauyensu har ya yi ritaya. Na san shi daga nesa, dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar masallaci. Ya rasu shekara biyu da suka wuce. Duk Juma'a da safe yakan wanke motar da tsohon zanensa na ɗaurawa. Tun da ya tafi ta dusashe, ita kuma ba ta son ganinta haka.

Na ce aikin yini guda ne, ta koma gida, zan kira ta. Ta ce gida ba wanda yake jiranta. Ta ja kujerar roba ta zauna a inuwa, ta ɗora jakarta a cinya.

Na wanke motar, na busar, na manna tef a bakin roba da gilashi, na fara daga bonet. Injin yana ta gurnani, ni kuma ina jin idonta a bayana. Da rana ta take na tura motar waje don in duba aikina, rabin bonet ɗin a goge, rabi ba a taɓa ba. Ban san abin da ya kai bakina ba, sai na ji ina ba ta labarin zoben da yake bin mutum. Wannan labari na ba mutane da yawa. Wasu su duba agogo, wasu su ce "to, to, Pak." Matata Sepiah ma, Allah ya jiƙanta, cewa take in bar rana ta yi aikinta in yi nawa.

Cik Som ta miƙe. Ta tsaya a gaban ɓarin da ban goge ba, ta karkata kai. Ta yi taku zuwa dama. Ta dawo hagu.

"Ikon Allah," ta ce. "Yana bina fa."

Ta zagaya motar gaba ɗaya, tana tafe tana kallo, mayafinta yana kaɗawa, kamar yarinyar da ta fara ganin wata yana bin ta. Masu karatu, ni dai ban san me ake kiran abin da ya faru da ni a wurin ba. Na san dai na manta injin a kunne a hannuna, yana ta juyi a iska.

Da azahar ta buɗe jakar ta fito da ƙunshi biyu na shinkafar kwakwa a ganyen ayaba, da ƙananan soyayyun kifi da gyaɗa da yaji. Ƙunshi biyu. Ta ce ko da yaushe ƙunshi biyu hannunta yake ƙullawa, ya ƙi koyon ɗaya.

Na gane wannan. A gidana ma, har yau in na buɗe kabad faranti biyu nake saukewa, sai in mayar da ɗaya. Gidan katako ne a kan ginshiƙai, Sepiah ce ta zaɓi labulayensa, masu furannin da wanki ya cinye. Da yamma ba abin da ake ji sai agogon bango da tsaka tana ƙyas-ƙyas a bayansa. Wani lokaci nakan kunna rediyo ba don in saurara ba, don dai a ji muryar mutum a ɗakin. A jikin bango ta waje na jingina wani tsohon baƙin bonet da na tsinto, na goge shi har ya zama madubi. In la'asar ta yi sanyi nakan zauna in kalli gajimare suna wucewa a cikinsa. Sun fi kyau a can, ban san dalili ba.

Da na gama motar ta yi baƙi wuluk, itatuwan kwakwa suna tsaye a jikin ƙofarta. Cik Som ta shafa ta da bayan yatsa, ta yi godiya, ta tafi. Na ce shi ke nan.

Washegari da asuba wayata ta yi ƙara. Hoton jan fure ne da raɓa a kai, an rubuta barka da asuba. Na daɗe ina kallonsa. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na tura mata hoton babban yatsa. Haka muka ci gaba, ita fure, ni yatsa.

Bayan wata guda sai ga baƙar mota ta shigo a hankali.

"Pak Lazim, zobbanka sun dawo."

Na tura ta rana na duba. Sun dawo kuwa, sababbi fil, a bonet, a ƙofofi, a but.

"Da me aka wanke ta, Cik Som?"

"Kyanwar maƙwabta ce. Can take kwana."

Na ce to. Na goge. Ta zauna a kujerar roba, rigarta ruwan hoda a ranar, ta ba ni labarin ɗanta da ke aiki a jirgin ruwa, mai kira sau ɗaya in sun kusa tudu. Na ba ta labarin wani kifi da na gani yana tafiya a kan laka da ƙafafun da ba ƙafafu ba. Muka ci shinkafa.

Wata na gaba ma ta zo. Da na bayansa.

A zuwa na uku ne na lura da rufin. Na hau benci zan fara, sai na ga karcen ya tsaya a gefe-gefe, ya zagaye rufin kamar bakin tire. Tsakiyar kuwa tana nan sumul yadda na bar ta ranar farko, ko layi ɗaya babu. Na sauko, na tsaya a ƙasa, na rage tsawona kamar na mutum gajere, na miƙa hannu. Daidai inda yatsuna suka tsaya, nan karcen ya tsaya.

Da ta tafi na tsallaka wurin Seman. Tare muka taso, tare muka gudu daga makaranta, shi ya kama tukunyar shayi ni na kama bin gareji. Na ba shi labari ƙasa-ƙasa. Ya ajiye kofin da yake zuba shayi daga sama, ya kama ciki.

"Kyanwa! Kyanwar da ba ta hawa tsakiyar rufi! Kai Lazim, a duk duniya ina kyanwa ta fi son kwanciya in ba tsakiyar rufi ba?"

"Rage murya, mutumin banza."

"Kyanwa mai mayafi, mai ƙunsa shinkafa biyu!"

"Wataƙila wankin ne ba ta iya ba. Busasshen tsumma take sawa a kan ƙura. Kunya ce ta hana ta faɗa."

"Wataƙila kuma kai ne ba ka iya gani ba. Mutumin da yake ganin zobe a rana, ya kasa ganin mace a kujera. Ka tura a tambaya mana, tsoho, kafin haƙoranka su ƙarasa zubewa."

Wa zan tura? A wajenmu namiji ba ya ɗaukar ƙafa ya je gidan mace ya ce ga ni. Mata ake turawa, su je kamar masu wucewa, su sha shayi, su yaba labule, sannan su tambaya a sakaye ko akwai mai magana. Yayata ta rasu. Ƙanwar Sepiah ba zan iya kallon idonta da wannan ba. Mace ɗaya ta rage mini a duniya, 'yata Maznah, ita kuwa wani aikin ta sa a gaba.

Tun da na zame a matakala da damina, Maznah ta ɗaura ɗamarar mayar da ni wurinta a birnin Shah Alam. Saƙonninta ba sa yankewa, kowanne da "Abah" yake farawa, wato Baba.

"Abah, ka sha maganin hawan jinin?"

"Abah, duba ɗakinka." Ga hoto: gado, shuɗin labule, taga can sama a bene, ba abin da ake gani sai wasu tagogin.

"Abah, injin nan ya yi maka nauyi. Wa zai gan ka in ka faɗi? Seman? Shi ma ai neman mai ɗaga shi yake."

Ba ta yi ƙarya ba. Yarinyar kirki ce, tsoro ne yake cinta. Nakan amsa mata da "bari a gama shuka," in an gama in ce "bari a yi yanka." Ban taɓa gaya mata cewa abin da ya riƙe ni a bakin titin nan yini ɗaya ne a wata, da hoton fure da asuba. Yaya uba mai furfura zai faɗa wa 'yarsa haka? Kuma idan na faɗa, aka je aka tarar wankin ne kawai Cik Som ba ta iya ba fa? Matar malami ce, ta je Makka, tana karanta jarida. Ni sunana ma a karkace nake rubuta shi.

Sai aka zo gogewar watan jiya. Ina kan but, wajen kaifin bakinsa inda fenti ya fi siranta, na ɗaga injin don in ƙara mai. Farin sosona ya fito da wani ɗan duhu a gefe, kamar an shafa masa toka da yatsa.

Shafin saman ba shi da launi, duk yadda ka ci shi soso fari yake fitowa. In ka ga baƙi a soso, ka huda, ka kai ga launin kansa. Wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba, a can ƙasan kaifi inda ido ba ya zuwa. Amma na san ma'anarsa. Tsohon fenti ne, Cikgu ya wanke shi shekaru, ni kuma na bi shi da inji wata bayan wata. Bonet, ƙofofi, but, duk sun zo bakin ƙarshe. Gogewa ɗaya nan gaba, motar za ta fito da dabbare-dabbare kamar mai ƙyasfi, kuma ba mai gyara wannan sai a sake mata fenti. In an sake kuwa, ba motar da Cikgu Hamdan ya shafa da hannunsa ba ce.

Na cire soson na sa a aljihu. Ranar ban iya cinye shinkafata ba.

Wata guda ina juya maganar. In na faɗa mata, na rufe ƙofar da take shigowa ta ciki. Mace mai mutunci tana iya yini a rumfar mai gyara a bakin titi, kowa yana gani, muddin motarta tana hannunsa. Ba mota, ba zama. In kuma na yi shiru na goge, zan ƙone abin da ya rage mata na mijinta saboda in sami wanda zan ci shinkafa da shi. Na yi tunanin dabaru. In kunna injin da busasshen soso in yi ta shafa iska. In shafa mata kakin da yake ɓoye karce na sati biyu. Amma karcen da take yi shi ma cin fentin yake, ko na taɓa ko ban taɓa ba.

Ana cikin haka Maznah ta turo: "Abah, ranar Asabar ta sama zan zo da kwalaye. Na gaji da jiran shinkafa. Wannan karon tare za mu dawo."

Ranar Lahadi Cik Som ta zo. Riga ruwan toka, fil ɗin mazari, jaka a hannu. Ta ja kujerarta kafin ma ta yi magana.

"Kyanwar nan dai, Pak Lazim."

Ban ɗauko injin ba. Na ciro soson daga aljihu na miƙa mata.

"Mene ne wannan?"

"Fentin Cikgu ne. Na watan jiya."

Na yi mata bayani yadda na yi muku, fatar albasa da komai. Na yi ta zuba maganar aiki don in ɓuya a bayanta. Na ce daga yau bokiti biyu za a riƙa sawa, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. A fara zuba ruwa ya tafi da ƙura. Tsumma mai laushi, a ja shi a miƙe, kada a danna. Na ce motar ba za ta ƙara ɗaukar inji ba, ko nawa ko na wani.

"Ko'ina?" ta ce a hankali.

Da na yi shiru a nan, da ya fi. Amma bakina da son faɗin abin mamaki.

"Sai tsakiyar rufi. Nan kam da sauran kauri, sau ɗaya na taɓa goge shi. Kyanwar ba ta kaiwa can. Gajeriya ce, hannunta..."

Na tsaya. Amma ya riga ya fita.

Masu karatu, na ga fuskar mace mai jikoki ta koma ta yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Ta sunkuyar da kai. Ta gyara mayafin da bai goce ba. Ta miƙe, ta ajiye soson a kan kujera a hankali kamar zai fashe.

"Na gode da gaskiyarka, Pak Lazim. Na ɓata maka lokaci da yawa."

"Cik Som, ba haka..."

"Bokiti biyu. Na ji."

Ta shiga mota. Ta yi baya da sauri har ta kusa taka tiyona, ita da take tuƙi kamar mai tsoron ƙwai. Sai da ƙurarta ta kwanta na ga ta bar ƙunshin a ƙarƙashin kujera. Biyu.

Washegari na farka kafin kiran salla, na ajiye wayar a gefen darduma. Ba fure. Na je masallaci na dawo, ba fure. Na girgiza wayar, na kashe na kunna, na tsallaka na ce wa Seman ya turo mini wani abu in gani ko ta lalace. Ya turo hoton biri. Ya shigo nan take.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Mai ita ne ya lalace. Me ka ce mata?"

Na gaya masa. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mace ta yi wata da watanni tana saƙa maka labule don ku zauna a bayansa, ka sa hannu ka yaye, ka ce mata ga ki nan. Ai da ka bar mata kyanwarta."

Satin nan ban san yadda ya wuce ba. Motoci biyu suka zo na ce su dawo wani lokaci. Na zauna a gaban baƙin bonet ɗina, gajimare suna wucewa, ban ga kyansu ba. Na tura mata yatsa ba tare da fure ba, ya nuna ta gani, ba amsa. Na fara duba kayan gidan da idon mai tafiya: agogo zai shiga kwali, rediyo zai shiga, labulen Sepiah ban sani ba. Injin gogewa kam ba shi da wuri a ɗaki mai shuɗin labule. Na ɗauko shi na share, na naɗe wayarsa, na ce Seman ya ba duk wanda ya ga zai riƙe shi da kyau. Kujerar robar kuwa na kasa matsar da ita. Tana nan inda ta bar ta, ganye yana taruwa a kai.

Ranar Asabar da hantsi Maznah ta turo cewa ta wuce garin Ipoh, ta ci rabin hanya. Na zauna a matakala da jakata a gefe. Idona ya sauka a kan bokitaina biyu a kife a bakin famfo, ja da shuɗi. Sai wani tunani ya zo mini, irin nawa na banza. Gogewa dai ta ƙare. Amma mota ai duk sati take son wanki. Kuma na faɗa mata bokiti biyu da baki, ban nuna mata da hannu ba. Wane irin mai gyara ne wannan?

Na san ba hujja ba ce. Na san duk wanda ya ga Lazim a ƙofar gidan Cikgu Hamdan, kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Amma na sa farar rigata ta Juma'a, na ɗaura zanena mai gida-gida shuɗi, na ɗora hula. Na cusa bokiti cikin bokiti, na sa sabulu da sabon tsumma, na ɗaure a bayan babur.

"Ina zuwa haka, ango?" Seman ya ƙwala daga tsallake.

"Aiki."

"Da rigar Juma'a? Allah ya sa kyanwar ba ta cizo!"

Hanyar ƙauyensu siririya ce, tsakanin ruwa da ruwa, sabuwar shuka ta yi kore shar. Sau biyu na tsaya zan juya. Gidan yana bayan wasu itatuwan mangwaro, na katako, da tukwanen furanni a kowace matakala. A nan na gane jan furen da take turo mini ba na cikin waya ba ne, nata ne.

Na kashe babur daga nesa na turo shi. Motar tana tsakar fili, a rana.

Cik Som tana gefenta, ta ba ni baya. Tana sanye da rigar zaman gida da ta koɗe, mayafin a ɗaure ta baya. Ta taka wata 'yar kujerar katako ta kicin, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, hannu ɗaya ya dafa bakin rufi. Ɗaya hannun ta miƙa shi iya ƙarfinta zuwa tsakiya, riƙe da wani busasshen tsumma mai gida-gida, tsohon zanen namiji. Saura kaɗan ya taɓa.

Bokitin ya ƙwace daga bayan babur ya faɗi, ya gangara yana ƙara.

Ta waiwayo. Ta kalle ni, ta kalli rigar Juma'a, ta kalli bokitan. Ni kuma na kalli kujerar, na kalli tsumman. Wani zakara ya ratsa tsakaninmu yana tafiyar ƙasaita.

"Ka ce nan da sauran kauri," ta ce daga ƙarshe, ba ta sauko ba.

"Na ce."

"Gogewa nawa zai ɗauka?"

"Uku. In na lallaɓa, huɗu."

"Wata huɗu ke nan." Ta kawar da kai wajen mangwaro. "Daga nan kuma ban san me zan karce ba."

Sai wayata ta hau ruri a aljihu. Na san mai kira tun ban duba ba.

"Ɗauka mana," in ji Cik Som.

"Maznah ce. 'Yata."

"Na sani. Seman ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa kowa. Yau ne ko?"

Na danna. Muryar Maznah ta fito da ƙarfi har tsakar filin.

"Abah, kana ina? Ga ni a ƙofar gida da kwalaye, jakarka a matakala, Pak Seman sai dariya yake ya ƙi gaya mini komai. Lafiya?"

Na ɗaga kai. Cik Som tana nan a kan kujerar, hannunta a miƙe, tsumman yana lilo a saman wurin nan guda da ya rage sumul, rana tana zaune a cikinsa ba zobe ko ɗaya.

"Maznah," na ce, "kin taho da kayan fita masu kyau?"

"Kayan fita? Abah, kwashe kaya na zo yi."

"Bar kwalayen a mota tukuna. Akwai gidan da zan aike ki. Za ki sha shayi, ki yaba labule."

Ina jin numfashin 'yata, ina jin motoci suna wucewa a bayanta. Cik Som ba ta sauke hannunta ba, ba ta kuma ɗora tsumman ba. Mu biyu muka tsaya a rana muna jira.